Ƙwai Huɗu Zuwa Agadas

Har yau ban sani ba, shin Malam, mijina, ya san ba zai je Agadas ba, ko kuwa da gaske yake duk sa'ad da ya ce mini "idan mun je"? Na tambayi kaina a cikin takaba, na tambaya a kan hanya, na dawo ina tambaya. Wanda zai ba ni amsa yana kwance a bayan ganuwa. Ni ban yi boko ba, Zulai 'yar ƙanwata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in ta ga ina hawaye kada ta ajiye biro, domin yanzu hawayen ba su da zafi kamar na da.

Mijina mai gyaran rediyo ne, a zauren gidanmu a Gwale. Da mutane suka bar rediyo suka koma waya, sai ya koma gyaran amfilifaya, akwatin nan da ke ba lasifika ƙarfin murya. Na masallatai sun fi yawa. Amma abin da ya fi kowa iyawa shi ne tsofaffin akwatuna masu ƙwai a ciki, ƙwai na gilashi dogaye, masu ɗaukar zafi in an kunna. Masu kiɗan jita irinsu suke nema. Ya taɓa ce mini: "Asabe, ƙwan nan kamar tuwonki ne a kan murhu. Wuta ta yi yawa ya ƙone, ta yi kaɗan ya fito ɗanye." Akwai wani ɗan sukuru a cikin akwatin, da shi ake rage wutar da ƙwan ke ci ko a ƙara. Ana juya shi ana kallon allurar mita, har ta tsaya inda ya kamata.

Da idonsa ya yi yana, bai gaya wa kowa ba sai ni. Ya ja zane-zane a gilashin mitar da reza, kowane irin ƙwai da nasa zane biyu. In aiki ya zo wurin saita wuta, sai ya tura ƙyauren zaure ya kira ni. Ni ce ido, shi ne hannu. In ce "ta hau", in ce "ta sauka", in ce "ta shiga tsakani". Da hannun dama yake juya sukurun, na hagu kuwa yana naɗe a bayansa. Nakan yi masa dariya in ce kamar mai ɓoye goro. Sai ya ce wutar da ke cikin akwatin nan tana kisa ko bayan an kashe shi, kuma in hannu biyu suka shiga, ta ƙirji za ta bi.

Wata rana wani Ba'abzine dogo mai rawani ya zo daga Agadas, sunansa Agali, da akwati a kafaɗa. Ya ce na yayansa ne da ya rasu, da shi yake kiɗan jita a gidajen biki. Malam ya gyara, ya sa sababbin ƙwai biyu, muka saita, ya tafi yana ta godiya. Bayan wata guda saƙon murya ya shigo wayar Malam. Na haddace shi, don Malam ya saurare shi ya fi a ƙirga.

"Malam, ka cuce ni. Ƙwanka sun ƙone a tsakiyar biki, a gaban mutane. An ce tsofaffi ka goge ka sa mini. Akwatin ɗan'uwana ne. Allah ya isa."

Malam ya kira, ba a ɗauka ba. Daga baya ma lambar ta daina shiga. Kwana uku bai ci abin kirki ba. A na huɗu da hantsi ina tankaɗe, sai na ji ya buga cinya.

"Asabe, wuta ce! Wutar unguwar nan ba ta da ƙarfi, a kanta muka saita. Shi kuwa da janareta yake kiɗa, mai cika wuta. Ban tambaye shi ba. Kuskure na yi, ban yi cuta ba."

Na ce to a aika masa da wasu ƙwan.

Ya ce: "Su ma su ƙone? A can za a saita, a kan wutar da yake aiki da ita. Sai mun je."

Ya sa aka kawo ƙwai huɗu daga Legas. Muka gwada su, ya haɗa su biyu-biyu, don ya ce kamar shanun huɗa suke, sai ƙarfinsu ya zo ɗaya suke ja tare. Na ɗaura wa biyu jan zare, biyu baƙi. Ya sa na ɗiga jan farce a kan zane biyun da suka dace da akwatin Agali. Daga nan ya fara miƙo mini sukudireba. Ya ce idan mun je hannunsa zai iya yin rawa saboda gajiya, gara in koya. Kullum bayan la'asar ina juya sukurun wani tsohon akwati, yana zaune yana sauraro. Kafin damina ta faɗi ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

'Yan'uwa sun ce in bar maganar, wanda ya mutu ya huta. Ni kuwa ba na iya barci da sanin akwai Allah ya isa a kan mijina, shi kuma ba shi da bakin kare kansa. Da na fita takaba na shirya ƙwan a cikin langa, na cusa auduga, na ɗaure da tsohon zane. Na ɗauki mita da sukudireba da wayarsa. Maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa tana fatauci zuwa Damagaram, na bi ta.

Mun wuce iyaka da kaɗan aka tsayar da mu a wani shinge. Wani mai kaki ya ce in buɗe langa.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ƙwai ne."

"Wace kaza ce ta saka su?" Abokan aikinsa suka yi dariya. Ya ɗauki ɗaya mai jan zare, ya ɗaga wa rana, ya ƙwanƙwasa shi da makullin babur don ya ji ko da wani abu a ciki. Na ji ƙas, ƙaramar ƙara. Ya miƙo mini ya ce ba komai, ai bai fashe ba.

A kan kowane ƙwai akwai wani shafe mai ƙyalli kamar azurfa. Malam ya gaya mini in iska ta shiga, ƙyallin zai koma fari kamar toka, to ƙwan ya mutu. Kafin mu isa Matamaye na leƙa langa sau biyar. A na biyar ya yi fari fat. Hajiya Tabawa ta ce ai saura uku, mene ne abin kuka? Na ce mata saura biyu, don ɗan'uwansa ba zai yi aiki da na wani ba. Ba ta gane ba, ta dai ba ni dabino.

A Damagaram muka rabu. Ta roƙe ni in koma tare da ita, na ƙi. A tasha wani ɗan kamasho mai fara'a ya karɓi jakata yana kirana uwarsa. Ya ce motarsa Agadas za ta kai tsaye, ya zaunar da ni kusa da taga, har ya ce in sa shi a addu'a. Na kuwa sa shi. Da muka isa Tanut direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka. Na ce ni Agadas za ni. Ya dube ni ya ce: "Iya, motar nan ba ta taɓa ganin Agadas ba tun da aka ƙera ta."

Na zauna a gindin wata rumfa da langa a cinya, rana ta take. Ban san kowa ba. Hausarsu ma sai na kasa kunne nake kamawa. A gefena wani mai liƙe butoci yana aiki, sai warin dalma mai narkewa ya bugo mini hanci. Warin zaurenmu ke nan shekara arba'in. Ban san lokacin da na fara kuka da murya ba, kamar ranar da aka fita da gawar Malam.

Wata mai fura, Hawwa, ta ajiye ludayi ta zo ta tsuguna.

"Wa ya mutu, Inna?"

"Mijina."

"Yau?"

"Wata biyar."

Ta ce: "To ai yau ne." Ta dama mini fura, ta kai ni gidanta. Kwana biyu na yi a ɗakinta kafin a sami mota. Ba ta tambaye ni abin da ke cikin langa ba, sai dai ta rataye ta a can sama inda awaki ba za su kai ba. Ita ce ta raka ni tasha, ta tsare direba da tambaya har sai da ya rantse a gaban mutane cewa Agadas za shi.

Daga Tanut hanya ta lalace. A bayan akori-kura muke, a kan buhuna, mota na faɗawa rami tana fita. Na ɗaga langa da hannu biyu don kada girgiza ta kai ga ƙwan, har kafaɗuna suka sandare. Ba bishiya, ba gida, sai yashi da duwatsu. Na tuna lungunan Gwale inda ba ka taku goma ba a gaishe ka ba. Wani tsoho Ba'abzine da ke zaune gabana ya daɗe yana kallona. Bai da Hausa sai ta gaisuwa. Can sai ya kwance wani ƙyalle daga kayansa, ya nuna langa, ya nuna ƙarfen da ke saman motar. Na ji tsoro, amma hannuna ya gaza. Ya ɗaure ta ya rataye, ta dinga lilo a hankali kamar goyo, rami bai ƙara taɓa ta ba. Har ya sauka a wani ƙauye ban ji sunansa ba.

A Agadas na nufi tsohon gari, inda hasumiyar ƙasa take, don nan Agali ya taɓa ce wa Malam yake. Na tambayi wasu masu sayar da gishiri gidan Agali mai jita.

"Wane Agalin? Huɗu ne masu jita a unguwar nan."

"Wanda akwatinsa ya ƙone a gidan biki."

Suka fashe da dariya gaba ɗaya. Ɗaya ya ce ai har yau amaryar ba ta gaishe shi. Nan na gane kunyar da mutumin nan ya sha ba ƙarama ba ce, fushin da nake yi da shi ya ragu.

Mahaifiyarsa ce ta karɓe ni, tsohuwa kamata, ta shimfiɗa mini tabarma. Da Agali ya shigo ya ji daga Kano nake, fuskarsa ta ɗaure.

"Ina Malam ɗin? Kunya ta hana shi zuwa sai ya turo mace?"

Na ce: "Ƙasa ta hana shi."

Ya yi salati, ya zauna, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Amma bai janye maganarsa ba, na kuwa kasa kunne ina jira. Ya ce in bar ƙwan, akwai mai gyara a kasuwa zai sa. Na tambaye shi ko shi ne wanda ya ce tsofaffi Malam ya goge. Ya ce shi ne. Na ce to ba zai taɓa su ba. Ni zan sa, gobe da safe, kuma a kawo janaretan da yake kiɗa da shi, ba wani ba.

Ya ce: "Ke, Inna?" Ya dubi uwarsa. Ta yi masa magana da harshensu, gajeriya. Ya ce to.

Da safe aka kai akwatin wani ɗaki, na sa aka rataye tabarma a taga don in ga cikin ƙwan sosai. Aka tayar da janareta a tsakar gida, su gurup suke ce masa. Na duba wayar lasifika tana haɗe, don Malam ya ce ba a kunna irin wannan akwati babu ita. Na cire ƙonannun ƙwan, na sa masu baƙin zare. Na maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen akwati, ja kuma a wurin da Malam ya yi wa alama tun zuwan farko. Da na ga alamar, ɗan ɗigon fenti da ni na nuna masa inda zai sa, sai da na ɗan tsaya ina kallonta.

Abin da ya koya mini shi ne kafin a kunna, a juya sukurun baya har ƙarshe, inda ƙwai ke cin wuta kaɗan, sannan a dinga ƙarawa. Na ɗora sukudireba a kai, sai na tsaya. In na yi haka akwatin zai yi kyau, Agali zai ce wannan karon an kawo masu kyau, na farkon ne tsofaffi. Zan koma gida da maganar tana nan inda take. In kuwa na kunna a yadda Malam ya bar shi, ƙwan da suka rage mini za su iya ƙonewa, ba ni da wasu. Na janye sukudireba.

"Agali, dubi ƙwan nan. Sababbi ne ko tsofaffi?"

Ya sunkuya ya duba. "Sababbi ne."

"Ban taɓa komai a ciki ba, ka gani?"

"Na gani."

"Ka ga ɗigon ja biyu a gilashin mitar nan? Tsakaninsu allurar ta tsaya a Kano, ni na gani da idona. Kunna."

Ya kunna. Ƙwan suka fara haske kaɗan daga ƙasa. Allura ta motsa, ta hau, ta wuce ɗigon farko. Ta wuce na biyu ba ta ko waiwaya ba. Na ce ya dubi baƙin ƙarfen da ke cikin ƙwan. Ya ce bai ga komai ba. Sai ga wani ɗan ja ya fito a gefen ƙarfen, kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

"Ya yi ja!" in ji shi.

"Kashe!"

Ya kashe. Na ce masa: "Wutarka ta fi tamu ƙarfi. A kan tamu ya saita, bai tambaye ka taka ba. Ya ce in gaya maka kuskure ya yi, bai yi cuta ba." Agali yana ta kallon allurar tana komawa.

Muka jira suka huce. Ban san ko na kashe su ba. Na cusa hannun hagu a cikin ɗaurin zanena ta baya, na juya sukurun har ƙarshe, aka sake kunnawa. Allura ta ɗaga kaɗan ta tsaya can ƙasa. Suna da rai. Na fara ƙarawa, kamar mai zuba gishiri a miyar baƙi. Sukudireba ta zame sau ɗaya, sai na ji hannun hagu ya fito da kansa zai riƙe akwatin. Na mayar da shi da sauri, na damƙe zanen. Ba wanda zai ce mini "ta hau" ko "ta sauka", ni ce ido ni ce hannu. Na juya, na duba. Na juya, na duba. Ta shiga tsakani.

Malam ya ce ba a yarda da allura sai ƙwai sun yi zafi sosai. Tsohuwa ta dafa shayi irin nasu, mai hawa uku. A na farko allura ta ɗan matsa sama, na rage. A na biyu ta tsaya. Na mayar da jar wayar wurin ɗaya ƙwan, shi ma yana tsakani. Har muka sha na uku babu ja ko kaɗan.

Agali ya ɗauko jita ya haɗa. Ni ban taɓa jin abin da akwatunan nan suke yi ba, mu namu a kan allura yake ƙarewa, Malam ba mai sauraron kiɗa ba ne. Ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito mai kauri, mai ɗumi, har na ji shi a tabarmar da nake zaune. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya ja rawani ya rufe idonsa. Tsohuwa ta dafa gwiwata ta ce da Hausarta: "Muryar ɗana ce, wanda ya tafi." Muka zauna mu biyu muna kuka, kowa da nata.

Da ya buɗe fuska ya ce: "Inna, na ɗauki alhakin bawan Allah. Na janye."

Na fito da wayar Malam na ce: "A nan ka faɗi na farko. Faɗi wannan ma a nan."

Ya karɓa, ya kira maƙwabta biyu su zama shaida, ya faɗa a ciki: Malam bai cuce shi ba, ya janye Allah ya isa, yana roƙon Allah ya yafe musu su duka. Da hannunsa ya goge tsohon saƙon. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. A ranar na yi barcin azahar da ban yi irinsa ba tun kafin Malam ya kwanta.

Na bar masa mitar, na nuna masa ɗigon biyu, na ce duk ranar da ya sauya janareta a duba. Ya sa ni a babbar mota mai zuwa Damagaram, ya gaya wa direba ni uwarsa ce, kuma shi da gaske yake.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Da na dawo na share zaure, na tura ƙyaure, na zauna inda nake zama, na kunna saƙon a wurin da Malam ya ji na farko. Sau ɗaya na kunna, ya isa. Ƙwan mai jan zare da ya rasa ɗan'uwansa yana nan cikin langa, ban san abin da zan yi da shi ba, ban kuma iya yar da shi.

Tambayar ce kawai ta rage. Ranar da zai rasu, da hantsi, jikinsa da zafi, na zauna a bakin gado na kama hannunsa da hannuwana biyu. Ya lalubo na hagun, ya ture shi a hankali zuwa bayana. Ko zazzaɓi ne ke magana, ko shi ne, ban sani ba. Bayan maganar da ya yi mini a lokacin, bai ƙara magana da kowa ba sai Ubangijinsa. Ya ce:

"Hannu ɗaya, Asabe. Ɗayan ki ajiye shi a baya. Ina so ki dawo gida."